Sulen da Ya Dawo Potosi

Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da alli
a makarantar da ke gindin Dutsen Azurfa.
Nakan zana ƙasarmu a allo, in rufe ta ruf,
layi ya kewaye ta kamar shingen gona,
in ce: Yara, ga Bolibiya,
duk abin da ya same mu a nan ciki ya faru,
ku haddace shekaru, ba ruwanku da sauran duniya.

Wata Talata, sanyi na cizon yatsu,
Fidelia Huanca ta ɗaga hannu daga bencin baya.
Ba tambaya gare ta ba.
Ƙulli ta kwance a bakin mayafinta
ta ɗora min a tafin hannu:
sulen azurfa, gefe ya cinye, fuska ta dushe.
Wanta Nemesio ya aiko shi daga ƙasar Sin
inda yake saro wayoyin hannu,
ya tsince shi a tiren wani tsoho mai gwanjo a bakin hanya.

Na kai shi taga.
Ga alamar garinmu nan, ƙarama kamar ƙwayar hatsi,
ta gidan buga kuɗin da nake wucewa kowace safiya.
Amma a kumatun sarkin Sifaniya
an sassara rubutun da ban iya karantawa,
huɗu, biyar, wani kan wani,
fataken can ne, kowa ya buga hatiminsa
don ya shaida azurfar ta gaskiya.

Bakina ya mutu.
Yara talatin suna kallona, ni ina kallon kunya.

Wa ya haƙo ka, sule?
Wataƙila kakan kakan yarinyar nan,
ganye a kunci, kyandir a hannu, huhu cike da dutse.
Wataƙila bawan da aka ɗauko daga gaɓar Afirka
shi ya ɗaga gudumar da ta ba ka fuska.
Alfadari ya sauke ka bakin teku,
jirgin ruwa ya haɗiye ka wata da watanni,
ka sayi alharini, ka sayi shayi, ka biya harajin manomin shinkafa
wanda har ya mutu bai ji sunan garinmu ba,
alhali gumin kakanninmu na ɗaure a ƙugunsa.
Ashe guga ce ta zaga nahiyoyi,
mu aka bari da ramin rijiya.

Daren nan ban runtsa ba.
Na ɗauko littafin da na koyar da shi har bangonsa ya ɓare,
ban sami ƙarya a ciki ba,
sai dai kowane shafi ya tsaya cak a kan iyaka
kamar mai ba da labarin gobara
da ya ƙi faɗin inda iska ta taso.
Rabin zance, in ya daɗe a baki, ƙanin ƙarya.

Da safe na sa gefen hannuna na goge shingen.
Alli ya ɓata min riga.
Na ja layi daga dutsenmu har allo ya ƙare,
na ci gaba a jikin bango.
Wani yaro ya ce: Malam, to ina ƙasarmu take yanzu?
Na ce tana nan, Eleuterio, ba ta gusa ba,
ƙofofinta ne ban taɓa nuna muku ba.
Bai gamsu ba. Ni ma da saura a zuciya.

Fidelia ta karɓi sulenta ta mayar cikin ƙulli,
uwarta na so a huda shi a rataya.
Ta taga muna jin manyan motoci
sun nufi filin gishiri, inda ake tonon sabon arziki,
wanda zai haye teku, ya shiga cikin waya,
Nemesio ya saro, ya kawo mana,
mu biya kuɗin tafiya.